Kunun Gwaggo Lantana

Shafi na 11

Na ga saƙonninku tun jiya. Masu cewa in tausaya wa Gwaggo Lantana, ku yi haƙuri, ba ni na kai ta ƙara ba, Jaye ne. To, bismillah.

*

Saura kwana biyar a yi zaɓen konseye, wato kansila, na farko tun da soja suka yi alkawarin mayar wa farar hula mulki. Amma a Gidan Tala, can bayan Cadawa, babu mai maganar zaɓe a safiyar nan. Maganar kunu ake yi.

Marwa na zaune a bakin madafin gwaggonta, na'urarta a kan cinya. Na'urar ba ta fi sabulun wanki girma ba. Ita da malaminta suka haɗa ta a ɗakin gwaje-gwaje na iniversite, jami'ar da ke Yamai, shekara biyu suna fama, kuma aikinta ɗaya ne tak. A ɗiga ruwan abinci a kan wani ɗan siririn tsinke da ake soka mata a baki, in akwai banil a ciki, wato ƙamshin nan da ake sa wa biskit da gato (kek ke nan), sai ta yi ƙara ta nuna lamba. Marwa ta zo da ita gida hutu ne don ta gwada ta a kan abincin ƙauye, ta tabbatar ba ta kuka a banza. Ta ɗiga fura, shiru. Ta ɗiga kunun tsamiya, shiru. Jiya da la'asar, cikin wasa, ta ɗiga kunun gyaɗar Gwaggo Lantana, na'ura ta fasa kuka kamar an taka ɗan tsako.

Kunun nan kuwa shi ne ke riƙe da siyasar garin.

Gwaggo Lantana ƙanwar Malam Labo ce, mahaifin Marwa. Shekara shida ke nan da rasuwar mijinta, tana zaune a gidanta tana sayar da kunu. Da can kunu ne mai daɗi irin na kowa. Shekara uku da suka wuce sai ƙamshinsa ya canza, har mai wucewa a kan amalanke yakan ja linzami ya tsaya. Da mata suka dame ta da tambaya, ta ce wata saiwa ce da kakarsu ta zo da ita daga Katsina, ta tsince ta a ƙasan tsohuwar tukunya.

Da Malam Labo ya tsaya takara, sai ta riƙa dama masa bokiti biyu duk ranar taro. Taronsa ya riƙa cika. Taron abokin takararsa, Alhaji Mumuni mai sayen gyaɗa, ya koma tabarmi da tattabaru. Su biyun sa'o'in juna ne, kuma tun suna yara ɗaya bai taɓa yarda ɗaya ya riga shi ba, ko a shiga masallaci ne.

Shi ne Jaye tela, wanda ya rufe shagonsa ya rataya lasifika a wuya yana yi wa Alhaji yaƙin zaɓe, ya kai ƙara wurin mai gari. Wai asiri ne a cikin kunun, duk wanda ya sha sai zuciyarsa ta koma wajen Labo. Mai gari ya ji labarin akwai na'ura a gari, ya ce a kawo kunu a kawo na'ura da hantsi.

Gwaggo na ta juya tukunya ba ta ɗago kai ba. Can ta ce wa Marwa ta cire wa na'urar pil, wato batir. Marwa ta ce in ta cire za a gane, ai fuskar na'urar ba za ta kawo haske ba.

"Ba ke kika haihe ta ba? Ki ce mata ta yi shiru."

"Gwaggo, ba ta jin magana."

"Ta yi gadon uwatta."

Marwa ta danne dariya. Ta matso kusa, ta rage murya, ta roƙi Gwaggo ta gaya mata gaskiya, me take zubawa. Gwaggo ta leƙa tsakar gida, ta leƙa bayan danga, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar takarda rawaya da aka ninke sau huɗu. Marwa ta buɗe. Ƙunshin sukar banil ne wanda ya ƙare, har da hoton gato a jiki.

Ajiyar zuciya ta yi, don ta zaci abin ya fi haka. Ta ce ai wannan ba komai ba ne, ana sayar da shi a kantunan Maraɗi, Gwaggo ta faɗa a gaban mai gari kawai a wuce wurin.

"In na hwaɗa, mi za su ce?"

"Su ce babu saiwar Kaka."

"Wannan da sauƙi. Cewa za su yi ina nike samu."

Marwa ta sake duba takardar. Gaskiya ne, babu mai sayar da shi a Gidan Tala, babu a kasuwar Cadawa, ita da kanta ta duba. Gwaggo kuma rabonta da Maraɗi tun jinyar mijinta.

"To wa ke kawo miki?"

Gwaggo ta karɓe takardarta ta jefa a wuta, ta ci gaba da juya kunu kamar ba a yi magana ba. Marwa ta sake tambaya. Gwaggo ta ce mata ta miƙo murfin bokiti.

Ana haka Malam Labo ya yi sallama ya shigo, ya sha babbar riga da rawani kamar ranar idi. Bai san an gwada kunun jiya ba, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa. Ya ce yau Allah zai kunyata Mumuni da telansa. Ya ce wa Marwa kada ta ji tsoron kowa, ta ɗiga da kyau, ta ɗiga da yawa. Har ya ƙara da cewa shi yana tune da saiwar nan sarai, ja ce mai gashi-gashi, yana yaro ya sha ganin Kaka tana shanya ta a kan rufin ɗaki.

Gwaggo ta dube shi ta ce, "Haka ne, Yaya."

Marwa ta sunkuyar da kai tana gyara jakarta da ba ta buƙatar gyara.

*

Ƙofar gidan mai gari ta cika tun kafin su iso. Sanyi ake yi, don haka jama'a suka bar inuwar dogon yaro suka zauna a rana, maza a gaba, mata a gefen katanga. Mutanen Labo a dama, mutanen Alhaji a hagu, sai dai rabin na hagun sun zo da kofuna a ɓoye cikin riga, ko za a raba abin da ya rage bayan shari'a.

Alhaji Mumuni na zaune a kan kujerar roba, dogo ne marar yawan magana, wanda tun rasuwar matarsa ya ƙara zama shiru-shiru. Bai dubi kowa ba. Hannunsa na dama na cikin aljihu, sai motsi yake.

Mai gari tsoho ne mai haƙuri. Ya ba Jaye dama ya faɗi ƙararsa, amma ya ce ya ajiye lasifika tukuna, ba kurame ne a wurin ba.

Jaye ya ajiye ta kusa da ƙafarsa ya fara. Ya ce yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ya sha kofi biyu ranar Talata, ya koma gida yana cewa Labo mutumin kirki ne. Ya ce matarsa ta daina dama koko, kullum sai ta aika gidan Lantana. Ya ce shi kansa, don bincike kawai, ya kurɓi kaɗan ranar kasuwa, kuma a ranar ya haɗu da Labo a hanya ya ji bakinsa ya gaishe shi har da tambayar iyali.

Wani daga dama ya tambaye shi kurɓa nawa ya yi. Jaye ya ce bincike ba ya yiwuwa da kurɓa ɗaya.

Sannan ya juyo kan na'ura. Ya ce shi tun yanzu bai yarda da ita ba. Ɗiyar Labo ce ta ƙera ta, a gidan Labo take kwana, in ta yi shiru kowa ya san dalili.

Mai gari ya ce Marwa ta yi wa jama'a bayanin yadda abin ke aiki.

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ɗaga tsinken sama. Ta nuna baƙin ɗigon da ke bakinsa, ta ce wasu ƙwayoyi ne na gawayi da na zinariya aka shafa, ƙanana ƙwarai, sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashin kai guda. Saboda ƙanƙantarsu, ko ɗan kaɗan ne na banil ya taɓa su sai ya saki kuran, wato lantarki, ɗan mitsitsi, na'urar ta auna shi ta faɗa. Ta nanata sau biyu cewa banil kaɗai take ji, ba ta san asiri ba, ba ta san sammu ba.

Babu wanda ya riƙe wannan. Abin da aka riƙe shi ne zinariya. Wata tsohuwa ta tambaya ko in an gama da tsinken ana yarwa ne, kuma a ina.

Aka buɗe bokiti. Ƙamshi ya tashi, wurin ya yi tsit, har mai gari ya haɗiye yawu. Marwa ta ɗebi cokali ɗaya, ta sirka da ruwan kwalbarta, ta tace da ɗan ƙyalle. Sannan ta sa hannu a jaka.

Tsinke iri biyu ne a jakar. Akwai masu shafin, akwai kuma guda uku da ba a shafa musu komai ba, waɗanda take nuna wa ɗalibai bambanci da su. A ido duk ɗaya suke. In ta soka marar shafi, na'urar za ta kawo haske, ta yi shiru, a tashi. Yatsunta suka tsaya a kansa. Ta dubi mahaifinta, yana ta murmushi yana gyara rawani. Ta dubi Gwaggo, tana tsaye da ludayi a hannu, idonta a ƙasa. Ta tuna shekara biyun da ta yi tana koya wa abin nan kada ya yi ƙarya. Ta tuna kuma ko ta yi shiru Jaye ba zai yi ba, zargin zai bi Gwaggo har bayan zaɓe.

Ta ɗauko mai shafin, ta soka, ta ɗiga.

Na'ura ta fasa kuka.

Wurin ya kaure. Matan da ke kusa da bokiti suka ja da baya. Waɗanda suka ɓoye kofuna suka ƙara tura su ciki. Jaye ya suri lasifikarsa ya manta da umarnin mai gari, ya shiga shela cewa wannan na'ura mai gaskiya ce, shi tun da ya gan ta ya san 'yar halak ce, ko uban wadda ta ƙera ta ba ta ragawa.

Murmushin Malam Labo ya tsaya a fuskarsa ya rasa inda za shi.

Da ƙyar dogari ya sa aka yi shiru. Marwa ta ɗaga murya ta ce abin da na'urar ta ji sukar banil ne, kayan ƙamshin gato, ana sayar da shi a Maraɗi cikin 'yan takardu, yara ma na lasa. Mai gari ya juya wajen Gwaggo ya tambaye ta ko haka ne.

"Ranka shi daɗe, ni dai kunu na dama."

Ya tambaye ta a wane kanti take saye. Ta kau da kai. Ya tambaye ta wa ke sayo mata. Ta juya ludayi a hannu kawai.

Jaye ya ce jama'a su shaida, abin kanti ba a ɓoye sunan mai kantinsa.

Nan Malam Labo ya miƙe. Ya ce shi bai san wani banil ba, saiwar kakarsu ce, da idonsa ya gan ta. Ya ce na'urar ce ta lalace a mota tsakanin Yamai da nan, yanzu ko ruwan rijiya aka ɗiga mata kuka za ta yi. Marwa ta ji maganar har cikin ranta, amma ta san ba da ita yake ba, ƙanwarsa yake karewa.

Mai gari ya ce wannan magana ce mai kyau, a gwada da ruwa. Ga randa nan a zaurensa.

Marwa ta yunƙura za ta ɗebo, Jaye ya tare ta. Ya ce babu ɗan gidan Labo da zai taɓa ruwan nan. Babu ma wanda zai taɓa sai mutum ɗaya da duk gari ya san hannunsa tsarkakakke ne. Ya juya ya nuna Alhaji Mumuni.

Alhaji ya ce a bar shi, wani ya je. Jaye ya nace. Mai gari ya ce ai ba nisa. Alhaji ya tashi a hankali kamar mai ciwon baya, ya zaro hannu daga aljihu, ya shiga zaure. Ya dawo da moɗa cike fal, babban yatsansa a cikin ruwan.

Marwa ta sa sabon tsinke, ta ɗiga.

Na'ura ta fasa kuka fiye da na farko.

Yanzu dama ce ta kaure. Malam Labo ya buɗe hannuwa yana juyawa yana cewa ai ya faɗa, ta lalace. Jaye ya sauke lasifika a hankali. Marwa kuwa ba ta taya su murna ba. In har na'urarta na kuka a kan ruwan randa, to shekara biyunta sun tafi a banza, kuma a gaban garinsu.

Ta dubi lambar. Ta fi ta kunun nesa ba kusa ba. Ruwan randa ba ya haka.

Ta nemi izinin mai gari ta ɗebo da kanta. Ta wanke wani kofi sau uku a gaban kowa, ta shiga zaure da dogari a bayanta, ta ɗebo daga randa ɗaya. Sabon tsinke. Ta ɗiga.

Shiru.

Ta jira. Shiru dai.

Ta sake ɗaukar moɗar Alhaji, ta kai hanci. Ƙamshin na nan, siriri, kamar an wuce da gato ta bayan katanga. Ta ɗago ta dubi Alhaji. Ya riga ya mayar da hannun aljihu.

"Baba Alhaji, don Allah in ga hannunka."

"Wane?"

"Na dama."

Ya miƙo na hagu.

Jaye ya fusata. Ya ce wannan cin mutunci ne, yarinya ta sa dattijo ya buɗe hannu kamar ɗan lakol, wato ɗan makarantar boko. Ya ce don a kashe bakin kowa, shi da kansa zai nuna wa duniya babu komai a aljihun Alhaji sai carbi. Alhaji ya ce masa ya bari. Ya sake cewa ya bari, da wata murya da ba a san shi da ita ba. Amma Jaye ya riga ya zura hannu har gwiwa.

Ya zaro carbi, ya ɗaga sama. Wani ƙulli ya biyo carbin ya faɗo ƙasa.

Sabon kallabi ne, shuɗi mai furanni, ko wanki bai gani ba. Ƙullin ya kwance, 'yan takardu rawaya suka watsu a kan tabarmar mai gari, kowace da hoton gato. Ɗaya ta fashe saboda murzar da ta sha tun safe, farin gari ya zubo.

Kowa ya miƙa wuya yana leƙe.

Mai gari ya ɗauki fasasshiyar, ya shinshina, ya sa ɗan yatsa ya lasa. Ya leƙa bokitin kunu ya shinshina. Ya gyaɗa kai. Ya miƙa wa Marwa, ta narka ƙwaya biyu a ruwan da ya yi shiru ɗazu, ta ɗiga a sabon tsinke. Na'ura ta amsa. Marwa ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, har ta ji kunyar jin daɗin, don Gwaggo na tsaye kamar an dasa ta.

Jaye dai ba a raba shi da dabara. Ya share gumi ya ce yanzu ya gane komai. Alhaji ne ya yi nasa binciken a ɓoye, ya kama kayan asirin a gidan Lantana, ya taho da su shaida, tawali'u ne ya hana shi faɗa. Ya juya yana ƙifta wa Alhaji ido ya ce ko ba haka ba.

Ƙofa ce a buɗe, kowa ya gani. In Alhaji ya ce i, ya fita, ya bar Gwaggo a ciki.

Marwa ta ga gwaggonta ta ɗago kai karo na farko tun safe.  Kallon Alhaji kawai ta yi.

Alhaji ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ba haka ba ne. Ni ke kawo mata."

Lasifikar Jaye ta zame ta bugi ƙasa ta yi wani ƙugi.

Mai gari ya tambaye shi tun yaushe. Ya ce shekara uku ke nan, duk ranar da ya kai gyaɗa Maraɗi. Mai gari ya ce to don me mutum zai riƙa sayo abin da ke kwashe masa jama'a yana kai wa gidan abokin takararsa.

Alhaji ya daɗe yana murza hula. Da ya fara magana sai da na baya suka matso don su ji. Ya ce ranar farko magana ce ta kai shi ƙofar Lantana. Ya shirya ta tun daga Maraɗi, ya maimaita ta a mota har Cadawa. Da ta fito ta ce masa sannu da zuwa sai maganar ta gudu. Ya laluba aljihu ya ji takardar nan da wani mai kanti ya ba shi kyauta, ya miƙa mata, ya tambaye ta lafiyar awakinta, ya tafi. Sati na gaba ya sake shiryawa, ta sake gudu. Haka dai. Ya ce yanzu babu akuyar Lantana da bai san ranar haihuwarta ba.

Mata suka fara dariya a cikin mayafi. Tsohuwar nan mai tambayar zinariya ta ce ita dama ta lura, mutum ba ya son awakin wani haka.

Mai gari ya tambayi Gwaggo me ya sa ba ta faɗa ba tun ɗazu, ta tsaya ana kiranta mai asiri.

"Ranka shi daɗe, shi bai hwaɗa ba, ni zan hwaɗa mishi?"

Ya tambaye ta ko ta san abin da ke kawo shi.

"Tun zuwa na biyu."

Alhaji ya ɗago ya dube ta baki buɗe.

Malam Labo bai yi dariya ba. Ya dubi takardun, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi 'yarsa. Wani daga hagu ya tambaye shi, cikin ladabi, ko saiwar ja ce ko rawaya. Labo ya yi kamar bai ji ba. Abin da ya fi ci masa rai, kamar yadda Marwa ta karanta a fuskarsa, shi ne wata biyu ke nan yana cika taro da ƙamshin Mumuni.

Alhaji ya tako har gabansa. Mutumin da bai taɓa bari Labo ya riga shi shiga masallaci ba, ya tattara riga ya durƙusa a ƙasa.

"Labo, kai ne babba a gidanku. Ina son Lantana da aure."

Jaye ya matso yana raɗa masa cewa saura kwana biyar, ya tashi, ana kallo. Alhaji bai ko waiwaye shi ba.

Malam Labo ya gyara zaman rawaninsa. Ya ce wannan ba wurin maganar ba ne. Ya ce a bari sai bayan zaɓe. Ya ce kuma ai Lantana ba yarinya ba ce, ita ke da ta cewa. Ya faɗi haka ne yana zaton kunya za ta hana ta magana a gaban maza.

Mai gari ya wanke Gwaggo daga zargi tukuna. Ya ce babu asiri a kunun Lantana, kayan gato ne, wanda ya sake faɗin haka zai gamu da shi. Sannan ya ce tun da yayanta ya miƙa mata magana, in tana da abin cewa ta ce, in ba ta so a tashi.

Gwaggo ta miƙa wa Marwa ludayi. Ta sunkuya ta tsince takardun nan ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe kallabin, ta ninke shi ta saɓa a kafaɗa. Alhaji ya bi kallabin da ido.

"Na ji, kuma ban ƙi ba," in ji Gwaggo. "Amma ina da sharaɗi guda."

Mai gari ya ce ta faɗa.

"Ba ni zama gidan mutumin da ya kada yayana. Ba ni kuma auren wanda yayana ya kada, a riƙa nuna ni a biki. Tun da su biyu ne, guda ya janye kahin ranar zaɓe. Wanda duk suka ga dama."

Wurin ya yi tsit, har ana jin awakin bayan gari.

Alhaji na durƙushe, Labo na tsaye. Suka dubi juna. Marwa ta ga idon mahaifinta ya yi laushi, ta ga leɓen Alhaji na motsi. Ta ƙanƙame ludayi da na'ura tare, tana addu'a a zuci.

Yatsa biyu suka tashi lokaci ɗaya, murya biyu suka fito tare.

"Shi ya janye."